An kafa turaku a gonakinmu, an tara mu ƙofar maigari: aiki taren ke nan?

Tambaya daga magatakardan wata ƙungiyar manoma a gundumar Madarunfa: "Za a yi hanya ta ratsa garinmu, kuma an ce a bakin gonakinmu za a haƙi marmara. Masu awo sun zo sun kafa turaku. Daga baya wasu suka zo da mota suka tara mu ƙofar maigari, suka ce binciken illar aikin ga muhalli suke yi, kuma gwamnati da kamfani da jama'a tare za su yi aiki. Muka sa hannu a takarda, suka tafi. Wannan shi ne aiki taren? In ba shi ba ne, me ya kamata mu yi?"

Malam magatakarda, Allah ya saka da alheri. In dai yadda aka saba ne, takardar da kuka sa wa hannu ta sunayen mahalarta taro ce. Shaidarta ita ce an zo an same ku. Ba ta ce kun amince da inda hanya za ta bi ba, ba ta ce kun yafe diyya ba, kuma ba ta ɗaure kamfani da komai ba. Ku nemi kwafinta ku tabbatar da hakan da idonku. Amma ko ita ce, aiki tare bai soma ba tukuna. Na daɗe cikin masu zuwa da mota suna tara mutane irin haka, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne maganar da aka yi a bakin taro ba ta da nauyi sai ta shiga rubutaccen tsarin da kamfani zai sa wa hannu, da kuɗinta, da lokacinta, da sunan wanda zai aiwatar.

Ba alfarma ake muku ba, doka ce. Nijar ta wajabta irin wannan bincike tun 1997, dokar muhalli ta 1998 ta ƙarfafa shi, sannan doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta sake shimfiɗa ƙa'idojinsa, aka fitar da dokar zartar da ita a Janairun 2019. Ofishin da ke riƙe da ragama shi ne BNEE, wato ofishin ƙasa mai tantance illar ayyuka ga muhalli, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli a Yamai, kuma a nan Maraɗi ofishin muhalli na jiha yana da sashen da ke bin wannan lamari. Mai aiki, kamfani ne ko wata ma'aikatar gwamnati, shi zai sanar da abin da yake son yi, a sa aikin a ɗaya daga aji huɗu gwargwadon girman illarsa: na farko sai an yi cikakken bincike, na biyu taƙaitacce, na uku a gindaya masa sharuɗɗa kawai, na huɗu ba ya buƙatar wani mataki na musamman. Daga nan a rubuta takardar da ta ƙayyade abubuwan da binciken zai duba, mai aiki ya ɗauki ofishin masana su shiga daji. In rahoto ya fito sai ya koma BNEE, a turo mutane su ga ƙasa, a ji bakin jama'a, kwamiti ya zauna ya tantance. In an gamsu ministan muhalli ya sa hannu a takardar shaida, tare da kundin sharuɗɗan da mai aiki ya ɗaure kansa da su.

Ga abin da ba a cika faɗa muku ba. Masanan da suka zo garinku, mai aiki ne yake biyansu. Haka tsarin yake a kusan ko'ina a duniya, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu tsoron Allah. Amma an yanka musu kuɗi, an yanka musu kwanaki, garuruwa kuma ga su jere a kan hanya. Ga kamfani da injiniyoyi da lauyoyi. Ga hukuma da doka a hannunta, amma sau da yawa ko man motar zuwa duba aiki daga aljihun mai aikin yake fitowa. Ku kuwa rahoton da Faransanci aka rubuta shi, shafuffuka ɗaruruwa, yana Yamai. Ƙarfin ukun nan ba ɗaya ba ne. A ganina hukuma ba ta cika aikinta ba in ta tsaya tsakiya tana kallo. Haƙƙinta ne ta matso wajen wanda ba shi da lauya, ta tabbata an fassara masa abin da aka rubuta a kan gonarsa, an kuma ba shi lokacin da zai yi shawara da mutanensa kafin ya amsa.

Abin da ya fi damuna cikin wasiƙarka shi ne turaku sun riga taro. Tun ran gini ran zane. Lokacin da maganar jama'a ta fi amfani shi ne kafin layin hanya ya tabbata, domin a nan ne karkatar da ita taku kaɗan don a bar maƙabarta ko rijiya ko burtali ba zai ci komai ba sai gyaran zane. In an riga an ba da kwangila an shigo da injuna, kowace karkata kuɗi ce mai yawa, kuma a nan ake fara ce muku "an riga an gama." Turakun masu awo dai ba hukunci ba ne, sau da yawa na gwaji ne. Ku tambaya kai tsaye, a rubuce: shin layin nan ya tabbata, kuma waɗanne hanyoyi aka gwada kafin a zaɓi wannan? Rahoton da ya cika dole ne ya nuna zaɓuɓɓukan da aka auna da dalilin barin su.

Kada kuma ku ɗauka kuka kawai za ku kawo wa taron. Akwai ilmin da ke hannunku wanda babu shi a kwamfutar injiniya. Mai bincike yakan zo da rani, ya ga ƙorama busasshiya, ya auna faɗinta, ya rubuta girman kwalbatin da za a sa. Tsohon da ya shekara sittin yana noma wurin shi ya san inda ruwa ya kai shekarar da ya fi yawa, ya san bishiyar da ya taɓa nutsar da gindinta. Mu mutanen Maraɗi bai kamata a koya mana wannan ba: ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta ci tsohon gari, aka tayar da shi aka hau tudu. Hanya kuwa in an ɗaga ta a tudu ba a bar wa ruwa isasshiyar mafita ba, madatsa ta zama. Gonakin gefe guda su nutse, na ɗaya gefen zaizaya ta yanka su. Ku ɗauki dattawanku da masu binciken ku taka da ƙafa, ku nuna musu kowace magudana, ku sa a rubuta sunanta kamar yadda kuke kiranta. Injiniya mai hankali godiya zai yi, don kwalbatin da ruwa ya tafi da ita shi za a tuhuma.

Ruwan gulbin nan ma shi ne ya nuna mana yadda aikin da aka yi nesa yake taɓa wanda ba a tambaya ba. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, kuma an datse shi a Jibiya. Nijar da Najeriya sun sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri cikin 1990 kan raba ruwan da suka haɗa, har da wannan gulbi. Duk da haka manoman fadama daga Madarunfa har Tibiri za su gaya maka malalar da suka sani da can ba ita ce ta yanzu ba. Saboda haka in ana maganar waɗanda aiki ya shafa, kada a tsaya ga masu gona a bakin turaku. Garin da ke gangaren ruwa daga gare ku shi ma yana da magana, ku gayyace shi.

Sai waɗanda ba su zo ƙofar maigari ba, kuma a nan zan daɗe. Ka tuna fuskokin da ke taronku. Na tabbata mafi yawa magidanta ne masu gonar gado. Ina matar da mijinta ya yanka mata gamana take shuka ɗan wake da yakuwa? Ina wanda yake noma gonar aro ko ta jingina shekara da shekaru? Ina matan da ke tsintar itace da kabar goriba a inda za a haƙi marmara? In ranar ƙidayar waɗanda aikin ya shafa da dukiyarsu ba a rubuta su ba, kuɗin diyya zai tafi ga mai asalin ƙasa, wanda ya yi shuka ya tashi hannu wofi. Mata a garuruwanmu ba za su buɗe baki gaban surukai da maigari ba, kowa ya san haka, don haka a yi musu zamansu dabam, mace ta jagoranta, a lokacin da ba na daka da ɗiban ruwa ba. Wannan abu ne da za ku iya nema, kuma ofishin bincike na ƙwarai ba zai ƙi ba.

Makiyaya kuma sun fi kowa faɗuwa daga lissafi, domin ranar da aka zo bincike ƙila suna arewa wajen Dakwaro ko Bermo, ko sun gangara kudu. Burtali ba ya magana da rani; fili ne kawai a idon baƙo. Amma dokar makiyaya ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma burtali da mashaya da makiyaya dukiyar al'umma ce da ba wanda zai mallake. In hanya ta yanke burtali ba a bar mahaya ba, ko ramin marmara ya cinye shi, dabba ba za ta tsaya ba, gonarku za ta faɗa. Kamfani ya kwashe kayansa ya tafi, ku da maƙwabtanku Fulani ku gaji rigimar. Wanda ya san rikicin manoma da makiyaya da ya faru a garin Toda, nan jihar Maraɗi, cikin 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, galibi mata da yara, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Ku aika wa arɗo da kanku, ku nemi a sa wakilinsu cikin duk kwamitin da za a kafa. Maslaharku ce kafin ta zama tasu.

Game da ƙasa, doka tana bayanku fiye da yadda mutane da yawa suka sani. Dokar karkara ta 1993 ta ce haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda aka rubuta kariyarsu ɗaya. Rashin takardar gona ba ya hana ka diyya. Dokar karɓar ƙasa don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya ta adalci kafin a karɓa, a kan abin da zai maye gurbin wanda aka rasa. Amma samun takarda yana rage gardama ƙwarai, kuma ba sai kun je Maraɗi ba. Hukumar filaye ta gari, COFOB, wadda maigari ke shugabanta, tana ba da shaidar gado da saye da kyauta da aro da jingina; sama da ita akwai ta ƙaramar hukuma da ta gunduma. Ku yi wannan yanzu, kafin ranar da za a rufe ƙidaya, domin abin da aka gina ko aka shuka bayan wannan rana ba a biyansa. Ranar ƙidaya kowa ya tsaya a gonarsa, a auna a gabansa, ya karɓi kwafin abin da aka rubuta masa. Ku kuma bambance masu biya. A aikin hanya, galibi gwamnati ce mai aikin, kamfani ɗan kwangila ne. Diyyar filin da hanya ta ci takan fito daga gwamnati ko furojen, amma ramin marmara da sansanin ma'aikata da ruwan da za a ɗiba sau da yawa tsakaninku ne da ɗan kwangila. In ba ku tambayi wa zai biya me ba, kowa zai tura ku wajen ɗan'uwansa.

Kada ku bari a ƙidaya itatuwan gona a matsayin daji. Gawo da kalgo da aduwa da ke gonakinmu ba haka kawai suka tsiro suka girma ba. A nan jihar Maraɗi aka fara sassabin zamani cikin shekarun 1980, manomi ya bar tohon kututture yana gyara shi yana tsaronsa, har abin ya bazu ya rufe kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, duniya tana zuwa koyo. Gawon da mutum ya raina shekara ashirin taki ne ga hatsinsa, abincin bisashensa ne da rani. A rubuta kowane iri da yawansa da girmansa. In an ce za a dasa wasu a madadinsu, ku tambayi wa zai shayar da su, wa zai kare su daga awaki, har shekara nawa, domin dashen da aka yi ranar biki aka watse bai cika ganin damina ta biyu ba.

Ramin marmara kuwa shi ne abin da zai zauna da ku bayan kowa ya tafi. Ku tsaya a kan a rubuta zurfinsa da iyakarsa, a kwashe ƙasar sama mai taki a tara ta gefe don a mayar, a kuma faɗi yadda za a bar shi. Wani gari ya fi so a cike a mayar gona. Wani ya fi so a gyara shi ya zama tafkin shayar da dabbobi, a kwantar da gaɓarsa yadda yaro ko saniya za su iya fita in sun faɗa. Duka biyun suna da kyau in ku kuka zaɓa. Wanda ba shi da kyau shi ne rami mai gaɓa a tsaye kusa da gari, cike da ruwa da sauro. Haka ƙurar manyan motoci, da gudunsu kusa da makaranta, da ɗaukar samarin gari aikin ƙarfi, da ladabin baƙin ma'aikata game da 'yan matanku: kowanne yana da gurbi a tsarin kula da muhalli da jama'a, wanda shi ne zuciyar rahoton. Jadawali ne: illa, maganinta, mai yi, lokaci, kuɗi, mai dubawa. Shi za ku nema a karanta muku da Hausa, layi bayan layi.

Ban ɗauki kamfani abokin gaba ba, kuma ba na so ku ɗauke shi haka. Kuna son hanyar nan. Mai ciki da za a kai likita cikin dare da damina ta fi kowa sanin darajarta. Kamfani ma yana da riba a zaman lafiya da ku, domin yini guda da aka tare masa hanya injuna suka tsaya, asararsa ta fi kuɗin yayyafa ruwan wata. Abin da nake faɗa wa 'yan kwangila kullum shi ne su ajiye mutum guda mai jin Hausa da Fulatanci wanda kowa ya san fuskarsa, da littafin koke a buɗe, kowane koke da ranar shigarsa da ranar amsarsa. Su kuma daina sasantawa da mutum ɗaya cikin ɗaki. Maigari uba ne, ta ƙofarsa ake shiga, amma in aka ɗora masa yarjejeniyar gari duka shi kaɗai, an jefa shi cikin zargin da zai daɗe bai fita ba.

Inda aka fi sakaci shi ne bayan minista ya sa hannu. Kowa ya ɗauka an gama, alhali a nan illa take farawa. Ku tuna yaran Tibiri. Daga 1985 garin ya sha ruwan wata rijiya mai zurfi kimanin shekara 15, ruwan da sinadarin fuloraid ɗinsa ya ninka fiye da sau uku iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Aikin alheri ne aka yi niyya, ruwan sha aka kawo, kuma an yi shi kafin dokar binciken muhalli. Amma a gaban iyaye jikin yaran nan yake sauyawa, shekara bayan shekara, babu wata hanya da abin da uwa ta gani zai isa teburin mai iya rufe famfo da wuri. Wannan hanyar isar da magana ita ce abin da nake so ku gina tun yau: kwamitin sa ido na gari, da manomi da makiyayi da mace da matashi, suna da kwafin kundin sharuɗɗa, suna fita tare da jami'an muhalli duk ranar da suka zo duba aiki, suna rubuta abin da suka gani da kwanan wata, da hoto a waya in da hali.

Wannan tambaya taka za ta zo wa garuruwa da yawa a jiharmu. Bututun mai daga Agadem zuwa Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya riga ya ratsa ta, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021. Abin da kuka koya a wannan hanya, maƙwabtanku za su buƙace shi.

Cikin makon nan ku zauna ku rubuta damuwarku a takarda guda, kowace da wurinta da abin da kuke nema, maigari ya sa hatimi. Ku kai kwafi ma'aikatar magajin gari, kwafi wajen prefe, shugaban gunduma, kwafi ofishin muhalli na gunduma, kowanne a buga muku shaidar karɓa ku riƙe. A ciki ku nemi ajin da aka sa aikin, da ranar da za a dawo jin ra'ayin jama'a, da a gayyaci wakilanku zaman tantance rahoto. In Faransancin ya yi nauyi, akwai 'ya'yanku da ke karatun noma da muhalli a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ku kira su su karanta muku. Sannan ku duba allon da ake kafawa a bakin aiki, yana ɗauke da sunan mai ba da kuɗin. In Bankin Duniya ne ko Bankin Raya Afirka, suna da nasu sharuɗɗan ban da na ƙasa: dole a kafa hanyar karɓar koke, dole a kula da wanda yake cin moriyar ƙasa ko da ba shi da takarda. Bankin Duniya ma yana da kwamitin bincike mai zaman kansa tun 1993, wanda mutum biyu kacal da aikin ya cuta za su iya rubuta masa, bayan sun gwada ƙofofin kusa ba a saurare su ba.